Inda Hanyar Idrisa Ta Karkace

Mutanen unguwa sun ce Zeinabu ba ta yi kuka ba ranar da aka kawo gawar mijinta daga bakin gulbi, kuma ba su yi mata ƙarya ba. Ba taurin zuciya ba ne. Ta nemi kukan ta rasa, kamar mai lalube a aljihu ya ji wayam. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, dangin mijin suka naɗe tabarminsu suka koma Tanda saboda gona ba ta jira. Ita kuwa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba ƙofar gida.

Idrisa, mijin nata, transitar ne, irin masu fitar wa 'yan kasuwa kaya daga hannun duwan, wato kwastan. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, manyan motoci suka yi layi suka mutu a tsaye, aikinsa ya koma na jefi-jefi. Sauran maza suka tare a gindin bishiya, shayi da karta da gyaran duniya da baki. Shi kuwa ya kakkaɓe wata tsohuwar ordinatar tasa, wato kwamfuta, ya buɗe wani wasa da ya girmi auren wasu, wasan gina gari. Mutum mai furfura a gemu ya zauna yana jera gidaje ƙanana kamar ƙwayar gero, yana haƙa rijiyoyi, yana damuwa da cewa mutanensa ba su da kasuwa.

"Kai da ba ka gyara mana zanan bayan gida ba, kake gina wa aljanu birni," in ji Zeinabu kusan kullum.

"Su ba su yi mini gori," yake cewa.

Yana da doka guda a kan na'urar. Ya rubuta ta da Faransanci a takarda ya manna a murfin, kuma ko da yake Zeinabu ba ta karanta Faransanci, ta haddace ta don yawan maimaici: kada a haɗa ta da intanet. Ya ce tsohuwa ce, a bar ta da tsufanta.

Ranar da zai rasu, da hantsi, yana zaune a kan tabarma yana jan hanya daga kasuwar garin nasa zuwa bakin ruwa. Zeinabu ta sunkuyo za ta ajiye masa kwanon fura, ƙugunta ya bugi gwiwar hannunsa. Hanyar da ke tafiya sambal ta yi wata 'yar kwana ta faɗa cikin ciyawa. Ya ɗago ya dube ta.

"Kin ga aikinki? Kin karkatar mini da hanyar gwamnati."

"Sai ka kai ni ƙara."

Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Sai wayarsa ta yi ƙara, wani mai kaya yana jiransa inda ake tsallakar da buhuna a jirgin ruwa. Ya danna abin da yake dannawa don ajiye wasan, ya ce zai dawo ya miƙar da hanyar. Hawan jini ya kayar da shi a can, tsakanin buhunan albasa.

Kwana tara da rasuwar ta buɗe na'urar, ba don wani dalili ba, hannunta ne kawai ya rasa abin yi. Ta ga yadda yake yi sau ɗari: a taɓa hoton hasumiya, a taɓa layin farko. Garin ya fito. Ga 'yan mutane suna kai da kawo, ga hayaƙi a kan gidaje, ga hanyar ta taho ta yi kwanarta ta tsaya cikin ciyawa. Ba ta taɓa komai ba. Ta zauna tana kallon kwanar har aka kira magariba, sannan ta rufe murfin.

Daga ranar ya zame mata aiki. Bayan la'asar ta buɗe, kuma da yake ba ta san yadda ake ajiye sabon abu ba, kullum garin yana farawa daga daidai inda ya bar shi. Ba daɗi take ji ba, ba kuma baƙin ciki ba. Abin da ta sani shi ne an raba rigunansa, an wanke kwanon furar, an share sawunsa a tsakar gida, amma wannan kwanar hannunsa ne da ƙugunta suka yi ta, kuma ba wanda ya share ta.

Bayan sadakar arba'in Siddo ya zo, yayan marigayin, wanda ya gaji teburinsa a wurin aiki. Ya tsaya daga bakin ƙofa, labule a tsakaninsu.

"Zeinabu, akwai takardun wani mai kaya cikin ordinatar ɗin nan. A ba ni ita, gobe in maido."

"Yaya, ya ce kada a sa mata intanet."

"Na jiya," in ji Siddo, irin jin da maza ke yi idan sun riga sun juya baya.

Mai takaba ba ta bin kayanta zuwa ofis, kuma matar ƙane ba ta maimaita wa yayan miji magana. Ta miƙa ta ta ƙasan labule.

Siddo ba mugu ba ne, wannan ya kamata a faɗa. Takardun sai an aika su Kotonu, kuma ba a aika takarda da iska. Ya haɗa na'urar, ita kuma da ta shekara da shekaru ba ta leƙa duniya ba ta fara roƙon a sabunta ta. Tana tambaya, yana danna "i". Ta yini tana juya wani ɗan zobe. Kwana uku bayan haka ya dawo da ita cikin sabuwar jaka, fuskarsa fal da alheri.

"Na sa ta zama sabuwa ful. Har takardar nan mai datti na ɓamɓare maki."

"An gode, Yaya."

Da la'asar ta buɗe. Launin fuskar na'urar ya sauya, amma hoton hasumiyar yana nan a lungu. Ta taɓa shi. Fuskar ta yi baƙi, ta dawo, wani ɗan farin akwati ya fito da rubutu da jan gicciye. Ta sake. Akwatin ya sake fitowa. Ta zauna tana kallonsa har magariba, don lokacin na kallo ne kuma ba ta da wani abin da za ta sa a gurbinsa. Haka ta yi sati biyu.

Ikilima ce ta tarar da ita a haka. 'Yar maƙwabta ce, sa'ar 'yar Zeinabu da ke aure a Doso, tana da shagon fotokofi da gyaran na'urori kusa da tasha. Ta shigo gaisuwa, ta ga akwatin, ta ja na'urar gabanta ba tare da an roƙe ta ba.

"Tanti, an yi mata mizajur. An sake mata tsarin ciki gaba ɗaya. Wasan ga ya tsufa, sabon tsarin bai san shi ba."

"A maida ta yadda take."

"Da an kira ni tun kwanakin farko, da ya yiwu. Yanzu ta share hanyar komawa." Ta yi ta danne-danne, can ta ce, "Amma garin shina nan. Ga shi, ba abin da ya same shi. Ƙofar shiga ce babu."

Ta ce tana da wata babbar tsohuwar na'ura a ƙarƙashin tebur a shago, mai tsohon tsari. Wani abu ya ƙone a cikinta, sai ta sa an nemo mata a Doso, kuma ba ta ɗaukuwa zuwa gida. In Tanti ta fita takaba sai ta zo ta gani da idonta. Ta kwafe garin a wani ɗan abu kamar ɗan yatsa ta jefa a jaka.

"Mi kike so ki gani a ciki, Tanti?"

Nan ne ya kamata Zeinabu ta yi magana. Amma ta yaya mace mai jika za ta dubi sa'ar 'yarta ta ba ta labarin ƙugu da gwiwar hannu da dariyar miji? Ko sunansa ba ta taɓa kira a gaban yarinyar ba. Ta gyara lulluɓi.

"Garin dai," ta ce.

Sauran kwanakin suka wuce yadda kwanakin takaba ke wucewa. Ta ci abin da aka kawo, ta amsa gaisuwa, ta yi barci ta tashi. Da la'asar takan rufe ido ta bi hanyar daga kasuwa har kwanar. Ikilima ta aiko sau biyu: an samo abin, sannan na'urar ta tashi.

Ranar fita aka yi mata wanka da kitso, ta sa sabon zane, aka soya waina ta sadaka. Al'ada ita ce ta zaga dangi da maƙwabta ta yi godiya, kuma da gidan Siddo ya kamata ta fara. Ta ɗauki kwanon wainar ta fita, ƙafafunta suna jin ƙasa kamar ba tasu ba, ta wuce kwanar gidan Siddo ta miƙe tasha.

Ikilima ta tashi da murna, ta kori mai jiran fotokofi, ta share mata kujera.

"Barka da fita, Tanti! Zauna ki ga abin mamaki."

Tsohuwar na'urar ta yi gurnani. Hasumiya, layin farko. Garin ya fito, 'yan mutanen, hayaƙin, rijiyoyin, kasuwar. Daga kasuwar hanya ta taso ta miƙe sambal, ba gargada, har bakin ruwa. An yi mata mashaya a ƙarshe, da jirage biyu.

"Na ga Baba bai samu ya ƙarasa ba, Allah ya jiƙan shi," in ji Ikilima. "Har ta ɗan kauce cikin haki. Na ce ba za ki fito ki tarar da aikin shi a karkace ba. Kwana uku ina koyon yadda ake yi."

Zeinabu ta daɗe tana kallo.

"Ta farkon fa?"

"Na ajiye wagga a kanta, don kada ta ɓace. Har ta gida na je na sa Bibata ƙanwata ta karɓo, na sake mata da gyararriyar. Ko'ina iri ɗaya ne yanzu."

Haka ne, an zo an karɓi na'urar wata rana da safe, ta miƙa ba ta tambaya ba.

Ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta bi hanyar a hankali daga kasuwa. Ciyawar duk iri ɗaya ce.

"A ina ta kauce?"

"Wajen nan," in ji Ikilima. Ta matsar da nata yatsan. "Ko nan. Wallahi na manta, Tanti. Ba ta yi kyau ba?"

Yarinyar tana tsaye, idonta cike da jiran yabo. Kwana uku ta bar shagonta saboda wannan.

"Ta yi kyau," in ji Zeinabu. "Allah ya yi maki albarka."

Ta buɗe kwanon ta ajiye mata waina biyar a kan takarda, ta fito. Rana ta take, 'yan kabu-kabu suna ta ihun neman fasinja. Ta nufi gidan Siddo, don har yanzu akwai godiyar da ba ta kai ba. A hanya ta yi abin da ta saba yi da la'asar, ta bi hanyar a ranta daga kasuwa. Ta zo wurin, sai ta ga ba ta san ko hagu kwanar ta yi ko dama ba. Ta sake bi, miƙaƙƙiyar ce kawai ke zuwa.

A nan, a bakin titi, da kwanon waina a hannu, ta san Idrisa ya mutu. Wani mai babur ya tsaya ya tambaye ta ina za ta.