Zakaran Jego

Lawal baduku ya haura shekara talatin a duniya bai taɓa yanka ko ɗan tsako ba. Abin dariyar shi ne, kullum hannunsa a cikin fatar akuya yake, yana tsagawa yana ɗinkewa, amma da ya ga jini yana zuba sai ya kau da kai ya bar wurin. Duk unguwar Kabara babu wanda ya san wannan lagon nasa sai maƙwabcinsa, Malam Mailafiya. Duk ranar da matarsa Indo ta kamo ɗaya daga cikin kajin da take kiwo a bayan ɗaki ta miƙa masa, sai ya karɓi wuƙa ya sha mur kamar sarkin fawa, ya zaga zauren Mailafiya a yanka masa, ya dawo yana neman ruwan wanke hannu. Shi kuma Mailafiya mutum ne mai zurfin ciki, bai taɓa fesa wa kowa ba.

Indo ta haihu a daminar da sojoji suka ce za su koma bariki, gari ya cika da zancen zaɓe. Mahaifiyarta, 'Yardada, ta zo daga ƙauye don ta yi mata wankan jego, ɗauke da wani jan zakara a cikin kwando. Tun ranar da ta ji labarin cikin ta ware shi daga sauran kajinta, tana ba shi tsaba, tana tono masa gara. Salla ta zo aka yi ta tayinsa, ta ce ba na sayarwa ba ne, na mai jego ne.

Ranar wata Asabar ta zaɓe, da hantsi, tsohuwa ta ɗora ruwan figar zakaran a murhu. Da yake tsakaninta da surukinta sai gaisuwa daga nesa, sai ta ba wa Indo saƙon cewa a faɗa wa maigidan ya yanka. Lawal ya karɓi zakara da wuƙa ya fita da ƙarfin gwiwarsa, ya tarar da zauren Mailafiya a garƙame. Ya leƙa dakalin ƙofar masallaci, babu kowa. Unguwa kaf, maza da mata, ta tattara a layin jefa ƙuri'a a makarantar firamare.

Ba nisa ne da makarantar ba. Da ya so, da ya ƙarasa ya jawo Mailafiya gefe. Amma da ya hango kansa yana ratsa layi da zakara a hammata, dattawan unguwa suna tambayarsa ko shi ma zakaran ƙuri'a zai jefa, sai ya juya. Ya ce a ransa, abin da yara ke yi, ai ba zai gagari magidanci ba.

Ya tsuguna a lungun bayan zaurensa, ya fuskanci alƙibla, ya take fukafukan da ƙafafun kamar yadda ya sha gani, ya damƙi wuyan. Ya yi bisimilla, hannu ya ƙi tafiya. Ya runtse ido ya sake yi. Zakara na mutsu-mutsu, shi kuma don tsoron kada ya kufce sai ƙara matsewa yake, gumi na bin bayansa. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Da ya buɗe ido, kan zakara ya langaɓe, idon ya kafe. Ya shaƙe shi har lahira wuƙa ba ta taɓa shi ba.

Duk da haka ya goga wuƙar. Jinin da ya fito bai cika cokali ba. An ce shure-shure ba ya hana mutuwa, to wannan ko shure-shuren bai samu ya yi ba. Lawal ya waiga hagu da dama, ya ɗauki mushen ya ajiye a bakin tsakar gida, ya yi gyaran murya, ya koma zaure. Yana ji 'Yardada ta tsunduma shi a ruwan zafi tana sa wa surukinta albarka.

Can ƙamshi ya fara fitowa, na daddawa da kimba da masoro da citta. Lawal ya ɗauki basilla da fata wai zai yi ɗinki, ya kasa zura zare. Zuciya ɗaya ta ce masa wa ya gani? Ɗayar ta ce matarka ce za ta ci haram da hannunka, jaririnka ya tsotsa a nono. Kunya ta kama shi ta gaba da ta baya: in ya yi shiru ya ci amanar gidansa, in ya yi magana kuwa a gaban surukarsa zai tuɓe rigar da ya daɗe yana tinƙaho da ita. Yana cikin wannan sai ya jiyo Indo daga ɗaki tana cewa a fara zubo mata romon, yawunta ya tsinke.

Bai san lokacin da ya shiga ba. Ya durƙusa nesa da murhu, hula a hannu, ido a ƙasa. 'Yardada ta ja mayafi ta juya masa gefe, ludayi a hannunta.

"Inna, kada a ci," in ji shi. "Mushe ne. A hannuna ya mutu kafin in yanka. Ni ban iya yanka ba, ban taɓa yi ba."

Lawal ya so a ce tsohuwar ta zage shi tas, da ya fi samun sauƙi. Ita kuwa ta daɗe tana kallon naman da kitse ya taso a kansa, sannan ta ce a hankali, ba tare da ta dube shi ba, "Ko ƙwayar gero ban taɓa bari ya kwana bai ci ba."

Ta sa tsumma ta sauke tukunyar, ta juye romon a rariya, ta kwashe naman ta binne a gindin katanga. Ta dama wa 'yarta kunun kanwa.

Da la'asar matan maƙwabta suka dawo daga zaɓe suka shigo barka, suna cewa tun daga bakin lungu hancinsu ya ba su labari, ina rabonsu? Lawal na zaure, ana jin komai ta ƙofa. Ya sunkuyar da kai yana jiran a fasa ƙwai.

Sai ya ji muryar 'Yardada tana cewa, "Ku bar ni da abin kunya, 'yan nan. Garin saukewa tukunyar ta suɓuce mini, komai ya kife a kwata."

Matan suka kwashe da dariya. Wata ta ce tsufa ya zo, wata ta ce tun daga ƙauye ta ɗauko zakara ɗungurungum don ta ciyar da rariyar birni. Tsohuwa ta biye musu tana dariya tana cewa ai ta ci zagi, su ƙara. Lawal na zaune da basilla a hannu, suna ta yi mata tsiya har aka kira magariba, bai iya tashi ba.