Ranar da Kogi Ya Yi Kore

Idan ka shiga layin nan ka ce kana neman bakanike, tsayawa za a yi ana kallonka. Ka ce Shugaba, sai yatsu goma su nuna maka gareji ɗaya. Shugaban kwamitin gyaran kogi ke nan, muƙamin da shi ya ƙirƙiro abinsa, shi ya tsaya takara, shi ya ci ba hamayya. Mutum ne mai faɗin ƙirji, muryarsa ba ta buƙatar lasifika, kuma tunda aka san shi kalmar nan "wataƙila" ba ta taɓa fita daga bakinsa ba.

Amma fa a ba shi haƙƙinsa, ya yi aiki. Kogin da ya ratsa ta bayan layin ya shekara da shekaru a matsayin bola: tsofaffin tayoyi, ruɓaɓɓun katifu, ledoji, mushen kaji, har da ƙofar firji. Yaran unguwar ba su ma san kogi ba ne, kwata suke ce masa. Gidaje duk sun juya masa baya, an toshe tagogin da ke kallonsa saboda wari da sauro. Can sama da su hukuma ta riga ta rufe shi da kankare, an yi wurin ajiye motoci a kai, kuma layinsu ne na gaba. Ranar da Shugaba ya ji labari, ya yar da sufana ya fito tsakiyar titi.

"A ruwan nan na koyi iyo," in ji shi. "Wallahi ba za a binne shi ina raye ba."

Shekara biyu cur, duk Asabar, ya hana mutane barcin safe. Wanda ya ce bayansa na ciwo, a miƙa masa buhu ya riƙe. Wanda ya ce yana da baƙi, a ce ya zo da su. Aka kwashe shara mota-mota, aka dasa ciyawa da itatuwa a gaɓa, aka share 'yar hanya, aka kafa benci huɗu. Sannu a hankali ruwa ya fara nuna yashin ƙasansa. Kwaɗi suka dawo da surutunsu, balbela ta fara sauka. Telan layin, wanda ya fi kowa ƙorafi da farko, shi ya fara fasa tagarsa ta baya, ya mai da kekensa can, yana ɗinki yana kallon ruwa kamar shi ya kawo shawarar.

Abu ɗaya ya rage, shi ne kuma ya tsaya wa Shugaba a wuya. A ƙarƙashin 'yar gadar ƙafa akwai bakin wani tsohon bututu da ba wanda ya san mafarinsa, kullum yana tsiyayar da baƙin mai. Da safe za ka ga maiƙo ya shimfiɗu a kan ruwa yana ƙyalli. Injiniyan hukuma ya zo, ya tsoma sanda, ya shinshina, ya ce shi bai ga laifin aikinsu ba, amma kogin da mai ke shiga ba kogi ba ne. Ya ba su mako shida. In ya dawo ya tarar ba a gano inda man ke fitowa an tsayar ba, za a kawo kankare, magana ta ƙare.

Shugaba bai ɓata lokaci wajen bincike ba, don shi a ganinsa ya riga ya sani. Dogo mai wankin mota ne, wa kuma? Mutumin da ke wanke inji da ƙarƙashin mota tun safe har yamma, ina ruwan yake zuwa? Ya faɗa a taron kwamiti, ya faɗa a bakin titi, ya faɗa wa Dogon ido da ido a gaban masu motoci. Dogo ba mai yawan magana ba ne. Ya ce ruwansa babbar kwatar titi yake bi, ba wanda ya saurare shi. Mutane suka janye motocinsu, gaisuwa ta yi ƙaranci, har ya naɗe tiyonsa ya kulle rumfa ya koma gida. Mako biyu da kullewa, mai bai fasa tsiyaya ba.

"Ragowa ce," in ji Shugaba. "Dattin shekaru ai ba ya fita rana ɗaya."

To, Shugaba yana da 'ya, ita ce babbarsa, sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. A ɗakin gwajin ruwa na hukuma take aiki, kuma ita aka ɗora wa rubuta rahoton da injiniya zai duba ranar Alhamis. Asabar ɗin ƙarshe kafin wa'adin ya cika, ta zo da gwangwani uku na wani gari mai launi, ja da shuɗi da kore. Ba ya cutar da kifi ko mutum. Aikinsa ɗaya: a zuba shi a magudanar shago, a bi shi da ruwa, a je bakin bututu a jira. Launin da ya fito, shagon ke nan. Shaguna uku ne ke iya haɗuwa da bututun: rumfar Dogo, da injin niƙa, da gareji.

Da sassafe ta same shi a garejin shi kaɗai, yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta gaishe shi, ta tsaya tana duban wurin da ta tashi a cikinsa: durom uku na tsohon mai a jere an rufe bakinsu, tarin tsumma, jak na ɗaga mota, da 'yar ragar ƙarfe a kusurwa inda ruwan wankin daɓe ke gangarawa ya shige ƙasa.

"Baba, ramin nan da ruwan ke shiga, yaushe rabon da a kwashe shi?"

Ya turo kai waje, baki har kunne. Ai ta taɓo inda yake so. "Kwashewa? Uwata, da hannuna na haƙa ramin nan kafin a yaye ki. Shekara ashirin da shida bai taɓa cika ba, ko sau ɗaya! Na maƙwabta kowace damina sai sun kira mai yasa. Aiki ne na wanda ya san aiki."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ramin da ba ya cika, wani wuri yake zubarwa."

"Ƙasa ke shanyewa."

"Ƙasa ba ta shan mai shekara ashirin da shida." Ta rage murya. "Don Allah mu gwada naka yanzu, ni da kai, kafin mutane su fito. In ba komai, shi ke nan."

Nan fa ransa ya ɓaci. Ya fito gaba ɗaya, ya miƙe yana goge hannu. Shi za a gwada a ɓoye kamar ɓarawo? Shi da ya shekara biyu cikin taɓo har gwiwa? Kuma 'yar cikinsa ce ke faɗa! "A gaban kowa za a yi," ya ce, "kuma da nawa za a fara. Ba ni koren nan. Ki je kan gada ki tara min jama'a."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ta ajiye gwangwanin a kan bonet ɗin motar ta fita.

Ya juye garin duka a kan ragar, ko rabi bai rage ba, ya bi shi da bokiti goma sha biyu. Ya wanke hannu, ya gyara hula, ya taka zuwa gada a tsanake yana amsa gaisuwa. Layin ya fito kaf, mata sun leƙo ta sababbin tagogi, har Dogo an aika masa ya zo, ya tsaya can gefe ya harɗe hannu. Shugaba ya hau tsakiyar gada, ya juya wa ruwa baya, ya fuskanci mutane. Wa zai ga taro irin wannan ya bar shi ya tafi a banza?

Ya fara jawabi. Shugabanci, in ji shi, misali ne. Shi ya sa ya fara da kansa, don kada gobe wani ya ce an yi masa rashin adalci. Mai gaskiya ba ya tsoron gwangwani. Yana cikin haka ya lura ba wanda ke kallonsa. Idanu duk sun wuce ta gefen ƙafafunsa sun sauka ƙasa. Mai niƙa ya kama baki. Wata tsohuwa a taga ta yi salati.

"Shugaba," in ji tela a hankali, "ɗan waiwaya."

Ya waiwaya. Bakin bututun na aman kore, kore shar, irin wanda ko makaho sai ya tambayi me ya faru. Ya bazu a kan ruwa, ya bi ta ƙarƙashin gada, ya nufi benci na farko, ga ɗigon baƙin mai na yawo a cikinsa.

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo. Ya dafa ƙarfen gada. Kansa ya shiga kawo masa mafita: a ce bututun ya haɗu da na wani, a ce a gwada sauran biyun tukuna, a ce garin ne ya yi yawa. Da ya faɗa, da an samu masu gyaɗa kai, don mutane sun saba bin muryarsa. Sai ya hangi 'yarsa a gaɓa, takarda a hannu, ta kasa sa biro a kan layin da aka bari don sunan wurin. Ya kuma dubi kogin. Kwana biyar suka rage masa.

"Uwata!" Muryar ta fito da ƙarfinta na kullum. "Me kike jira? Rubuta. Garejin ubanki, lamba tara. Ki rubuta da manyan baƙaƙe yadda injiniya ba zai nemi tabarau ba." Ya juya ga jama'a. "Kun gani da idonku, ni ne. Mai diga ya kawo diga, mai shebur ya kawo shebur. Yau za a fasa daɓen nan."

Da ya nemi Dogo da ido, babu shi. Ya juya ya tafi tun fitowar koren.

Kafin azahar sun fasa daɓen. Ga ramin nan da ake ta yabo, rabin bangonsa ya zauna daidai kan tsohon bututu, da wata ɓaraka da hannu zai shige. Da alama tun ranar haƙa bakin digarsa ya huda shi bai sani ba. Tela ya leƙa ya ce, "Lallai aikin wanda ya san aiki," aka tuntsire da dariya, har shi Shugaban, ko da yake tasa ba ta kai ciki ba. Kwana huɗu suna kwasar baƙar ƙasa mai wari suna cika durom, ya hana kowa shiga ramin sai shi. Aka toshe ɓarakar da siminti, aka wanke bututun, ranar Laraba da yamma bakinsa ya bushe ƙayau.

Alhamis injiniya ya zo. Ya karanta rahoto, ya duba bututu, ya duba ramin, ya ce, "Wane ne shugaban kwamiti?" Shugaba ya ɗaga hannu. "Wane ne mai garejin?" Ya sake ɗaga hannun. Injiniya ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe, sannan ya ce ba za a kawo kankare ba. Gareji kuwa zai zauna a kulle har sai an gina masa matarar mai ta gaskiya an zo an duba. Shugaba da kansa ya datse kwaɗon. Layi ya ɗauki sowa, mata na tafi ta taga.

Da taro ya watse, ya zauna a benci kusa da gada, hannuwansa duk kanta da ƙuje. Daɗi yake ji har cikin ransa, kogi ya tsira. 'Yarsa ta zo ta zauna a ɗaya ƙarshen, ta rungume jakarta.

"Uwata, tun yaushe kika yi zargin ramin nan?"

Ta kau da kai. Ya sake tambaya.

"Wata guda ke nan, Baba."

Ya lissafa a ransa. Wata guda. Ashe ranar da ya tsaya gaban masu motoci yana ci wa Dogo mutunci, ta riga ta sani. Daɗin da yake ji ya gushe.

"Kina kallo na kori bawan Allah daga sana'arsa?"

"Kullum sai na zo da niyyar faɗa maka," ta ce, hawaye na zubo mata. "In na ga yadda kake murna da kogin nan, sai bakina ya mutu. Tsoron idonka na ji."

Ya so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Wa ya koya mata tsoron? Shekara nawa yana magana a gidan nan ba wanda ke iya cewa a'a? Ya dubi ruwan yana wucewa garau a kan yashi, ya goge fuska da tafin hannu, ya miƙe.

"Share idonki, tashi mu je."

"Ina, Baba?"

"Gidan Dogo. Ni na yi masa ƙazafi, ke kika yi shiru, tare za mu tsaya a ƙofarsa."

"In ya ƙi fitowa fa?"

"Sai mu koma gobe. Ai yanzu ba ni da gareji, lokaci gare ni."

Suka bi 'yar hanyar gaɓar kogi, shi a gaba ita a baya. Tela ya leƙo ta taga zai yi tsokana, ya ga fuskokinsu, ya mai da kai kan kekensa.