Wanda Zai Yi wa Asilin Girki

Ranar da Karolis ya mutu, garinmu ya rasa inda zai ci abinci. Ba wai babu wasu rumfunan ba ne. Akwai biyu a tasha, akwai kuma sabon wurin nan da aka gina wa baƙi masu zuwa kwanciya a yashin bakin teku, inda ake zuba wa mutum shinkafa kamar ana jin tsoronta. Amma ka tambayi duk direban da ke bin titin gaɓa zuwa Matara, zai ce maka ka sauka bayan gada ka nemi rumfar Asilin. Jar shinkafa a ganyen ayaba, kwakwa kirɓaɓɓiya da barkono da lemon tsami, sai ambul tiyal, kifin nan da take shafewa da masoro da baƙin tsamin 'ya'yan itacen goraka, ta bar shi a tukunyar ƙasa har ruwansa ya ƙone. Ni dai tun da matata ta rasu can nake cin na rana, in ƙunso na dare in tafi da shi gida.

Karolis mijin Asilin ne. Tare muka yi sana'ar su muna samari, a jirgin ruwa ɗaya, kafin ya bar teku ya koma kankare mata kwakwa da faskare da wankin tukwane. Mun yi masa tsiya har mun gaji. Mijin-ta-ce muke kiransa. Kullum da yamma, in an rufe rumfa, sai ka gan shi ya gangara bakin ruwa da wata tsohuwar kwalba, ya cika ta ya koma gida. Mukan ce masa in kewar teku yake yi ya dawo mana, ba sai ya riƙa kai ta gida kwalba-kwalba ba. Murmushi kawai yakan yi. A kan kujerar kankarar kwakwa aka same shi da safe, kansa jingine da bango.

Rumfar a gaban gidansu take, murhunta shi ne na gidan, kuma ba a hura wuta a gidan da gawa take kwance. Aka yayyafa wa murhu ruwa, aka kife tukwane. Aka buɗe ƙofofi da tagogi, aka juya hotuna suka kalli bango, samari suka jera fararen tutoci daga gada har ƙofar gida. Daga nan ciyar da gidan ya koma wuyan maƙwabta, har sai an fitar da gawa. Babu wanda ya kai Asilin riƙon wannan al'ada. Duk gidan da aka yi rasuwa a garin nan, tukunyarta ce take fara shiga, ko da kuwa jiya ta zagi mamacin.

Zagi kuwa ta iya shi. Hannunta zuma, bakinta barkono. Babu macen da ke garin nan da Asilin ba ta taɓa ɗanɗana miyarta a wani biki ta yanke mata hukunci a gaban mutane ba. Wannan ta ce mata ruwan wanke kwano ta dafa, waccan ta ce kifinta ya mutu sau biyu. Mata ba sa manta irin wannan, ni ma da aka yi wa marigayiya matata ban manta ba.

To, sai ga shi an wayi gari su ne za su yi wa Asilin girki.

Yinin farko aka cika gidan da shayi a fulas, da biskit, da burodi, da ayaba nono-nono. Kowa ya zo da abin da ba hannunsa ya dafa ba. Kashegari ma haka. Masu zaman makoki suna ta tauna biskit suna satar kallon ƙofa, babu tukunyar shinkafa ko ɗaya da ta ƙetare ta. Ban taɓa ganin abin kunya irin wannan a garinmu ba, kuma na ji shi har cikin raina.

Asilin tana zaune a tabarma gefen akwatin gawar, cikin fararen kaya, ba ta kuka, ba ta magana. Abin da ya fi damuna, ba ta ci komai ba. Mace ce mai ciwon suga. Ana miƙa mata shayi ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Na ga hannunta yana rawa a kan gwiwarta kamar ganye. Ranar binnewa kuwa ita za ta riƙe buta ta tsiyaya ruwa a ƙoƙo har ya tumbatsa, malaman haikali suna karatu, don ladan ya isa ga mijinta. Matar da ba ta iya riƙe kofin shayi, ina za ta riƙe buta?

Na tare maƙwabciyarta Nandawati a gindin kwakwa bayan gida.

"Nandawati, wai murhunku ma gawa ce a kwance kusa da shi?"

"Kada ka fara da ni, Yaya Gunapala," ta ce. "Na ɗora tukunya jiya. Na dafa kabewa, na soya busasshen kifi. Na ɗauko har na kai bakin shinge, sai na tuna ranar bikin 'yata da ta ce miyata ko kare sai an roƙe shi. Na juya. Yarana suka cinye."

"Yanzu matar da mijinta ke kwance a akwati ita za ta tsaya duba miyarki?"

"Ba ka san Asilin ba ke nan. Kuma ko na kai ba za ta ci ba. Ka taɓa ganin ta ci girkin wani? Ɗanɗanawa take yi ta tofar da magana."

Wannan kam gaskiya ne, duk garin mun yarda da shi. Asilin ba ta cin abincin kowa sai nata.

'Yarsu Malani, wadda ke aiki a Kolombo, ta ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai ta aika mai keke napep cikin gari ya sayo shinkafa ƙunshi-ƙunshi daga otal. Ban ga laifinta ba, yarinya ce kuma baƙi sun cika gida. Amma abincin saye a gidan makoki, a garin da maƙwabta ke da rai, mari ne. Tsofaffi suka karɓa suna sunkuyar da kai. Malani ta buɗe ɗaya ta durƙusa gaban uwarta.

"Amma," ta ce, yadda muke kiran uwa a nan, "ko loma biyu. Don maganinki."

Asilin ta kalli ƙunshin, ta kawar da kai wajen akwatin.

Da safiyar ranar binnewa ta miƙe za ta zagaya, jiri ya ɗebe ta, sai da mata biyu suka tare ta. Na ji Malani tana cewa a kira mota a kai ta asibiti a sa mata ruwa. Ma'ana a binne Karolis matarsa tana kwance a gadon asibiti. A nan ne raina ya ɓaci, da matan, da Asilin ɗin, da ni kaina da na zauna ina jiran mata.

Ni ban iya girki ba. Abu ɗaya na sani, tukunyar jirgi, wadda tsohon da ya koya mana su ya koya mana ni da Karolis. Shinkafa, kifi, albasa, barkono, duk a tukunya ɗaya, a rufe. Ba ma ɗaukar gishiri a jirgi, ludayi ake zurawa a teku a kamfato. Abinci ne na mutanen da yunwa ta hana su zaɓe, ba wanda zai kai wa surukarsa. Amma da babu gara ba daɗi.

Na gangara inda jirage ke sauke kaya, na karɓi ƙaramin kifin balaya ɗaya a hannun wani da ya shigo da asuba. Na kakkaɓe murhuna da gizo-gizo ya yi gida a ciki. Da na zo wajen gishiri sai na tarar babu ko ƙwaya a gidan, mutumin da ke cin na rumfa me zai yi da gishiri? Teku kuwa ga ta nan a bayan ɗakina. Na kamfato ludayi biyu na zuba, yadda hannuna ya saba. Ƙasan ya ɗan kama, saman ya caɓe. Na naɗe tukunyar da tsumma na ɗauka.

Da na shiga gidan da baƙar tukunyata, hira ta tsaya. Na ji wata tana raɗa, "Yau za a yi makoki biyu." Ban kula ta ba. Na ajiye gaban Asilin, na zauna a ƙasa, na zuba a ganyen ayaba.

"Akka," na ce, don haka duk muke kiranta, babbar yaya. "Girkina ne. Ki zage ni in kin so, amma ki ci tukuna. Karolis zai tafi yau, ke za ki zuba masa ruwa."

Ba ta kalle ni ba. Tururin ne ya kai mata. Na ga hancinta ya motsa, sannan ta sauke ido kan ganyen, ta daɗe tana kallonsa. Ta miƙa yatsu ta ɗan gutsura ta kai baki. Kowa ya zuba mata ido.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce.

Ita ce maganarta ta farko tun da aka kawo akwatin. Nandawati ta kalle ni, irin kallon na gaya maka.

Asilin ta sake kai hannu. Wannan karon loma ta yi sosai.

"Ruwan teku ka zuba."

"Shi na zuba, Akka. Ba ni da gishiri."

"Ludayi biyu."

"Biyu."

Ta gyaɗa kai tana taunawa, sai hawaye suka zubo, na farko da muka gani. Ba ta share ba, ba ta kuma daina ci ba.

"Haka Karolis yake yi," ta ce. "Ludayi biyu, kullum. Mutumin da ya yini a kan tukunya ba ya iya cin abin da ke cikinta, Gunapala. Tun asuba ƙamshin yake cika min ciki, in na kai loma baki sai zuciyata ta tashi. In an rufe rumfa sai ya zaunar da ni, ya ce kada in taɓa komai, ya ɗauki kwalbarsa." Ta haɗiye. "Tun muna amare. Ba na cin na kowa sai nasa."

Sai na tuna kwalbar, da duk tsiyar da muka yi masa a kanta, na ji kunya ta rufe ni. Malani ta dafe baki. Ita ma ba ta sani ba, tana barci ake yi, daga baya kuma makaranta ta ɗauke ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

"Kin taɓa gaya masa gishirin ya yi yawa?" Ban san lokacin da tambayar ta fito daga bakina ba.

"Shi kaɗai ne ban taɓa gaya wa ba."

Ta cinye abin da ke ganyen, ta sa na ƙara mata har da ƙanzon. Nandawati ta tashi ta fita. Kafin rana ta take sai ga ta da tukunyar kabewa a ka, wasu matan na biye da ita da shinkafa da busasshen kifi. Masu makoki suka ci abincin gari.

Da yamma Asilin ta riƙe buta da hannunta, Malani ta dafa gefe. Ruwan ya sauka siriri bai karkace ba har ƙoƙon ya tumbatsa. Asilin ta bi akwatin da ƙafarta har maƙabarta.

Sai bayan sadakar bakwai ta sake hura murhun rumfa. Na je na ci na rana kamar kullum, ambul tiyal ɗin yana nan yadda yake. Da na tashi tafiya ta kira ni bayan rumfa. Tukunyata ce a wanke, kwalbar Karolis tana tsaye a ciki.

"In ba nauyi," ta ce, idonta a kan murhu.

"Babu nauyi, Akka. Zan rage ruwan tekun, ludayi ɗaya ya isa."

"In ka rage," ta ce, "sai in dawo maka da tukunyar a cike."

Na ɗauki kwalbar na gangara bakin ruwa.