Majanyin Jikan Tasalla

Shekara ashirin da ɗoriya ina kaɗi a Maska, ni Tasalla, har babban yatsana ya yi kanta kamar tafin raƙumi. In gurje auduga, in shiɓe ta, in shafa alli a yatsu, in murza mazari tun hantsi har la'asar sakaliya. To wa ya san ni? Fatake su sauke jakuna a bakin kasuwa suna tambaya, "Ina saƙar Mati?" Saƙar Mati! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matin nan ƙanin marigayi mijina ne, masaƙarsa na gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, kuma duk zaren tsayen da yake shimfiɗawa daga hannuna yake fita. Rannan na leƙo ta zaure na tarar wani Buzu yana shafa farin da ya saƙa, yana ta yabo, shi kuwa Mati sai washe baki yake. Da baƙon ya tafi na ce masa, "Ko ka gaya masa mai zaren?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba matar yaya, zare ai zare ne."

Wallahi sai da na ji maganar nan har tsakiyar kaina. Zare zare ne? To madalla. Na koma ɗaki na shuri taskirar auduga ta kife. Na ce tunda haka ne, ni ma na gaji da kashe idona a kan abin da ba a gani.

Sai na yi masa kaɗin ganin dama. Audugar da ban shiɓe sosai ba, ita na ɗauka. Inda ya kamata mazari ya juya har zare ya yi ƙwari a murɗi, sai in tsayar da shi da wuri in naɗe. A ido sumul, amma ciki fanko. Na aika masa curin zare huɗu, na zauna ina jiran ranar da zai shigo yana kuka zare na tsinkewa, in ce masa, "Af, ba zare zare ne ba?"

Bai zo ba. Kwana da kwanaki ina jin ƙarar masaƙarsa tana tsayawa tana tashi, amma ko uffan. Wannan ya ƙara ƙona mini rai.

Ana nan autata Lauratu, wadda ke aure a Bakori, ta zo gida goyon ciki, Allah ya sauke ta lafiya, namiji. Ranar suna tsakar gida ta cika da mata, ana ta ajiye kayan barka a kan tabarma. Sai ga maƙwabciyata Hansai ta ɗago wani majanyi fari sol tana guɗa.

"Inna Tasalla, kin ga na kakan yaro! Mati ya ce da wannan za a fara goya shi."

Na karɓa. Yatsuna suka gane shi kafin idona. Na bi tsawonsa, ƙulli nan, ƙulli can, ƙanana, an ɓoye su da kyau, duk inda zare ya tsinke an ɗaure. Zarena ne. Wannan ne zai riƙe jikana a bayan uwarsa, a bakin rijiya, a kan hanyar Bakori mai duwatsu da rafi biyu.

In na yi shiru, babu mai sani, sunana na nan. In na yi magana, gobe duk Maska ta ji Tasalla ta yi algus. Lauratu ta miƙo hannu tana murmushi ta ce, "Inna, ba ni in gani."

Ban ba ta ba. Na naɗe bakin majanyin a hannuwana biyu na fizga. Ƙyaat! Ya rabe kamar busasshen ganyen dawa. Ni tsohuwa, da hannu kawai.

Guɗa ta tsaya. Hansai ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha! Tasalla, lafiyarki?"

Na ce, "Lafiyata lau. Zaren ne ba shi da lafiya, kuma ni na kaɗa shi haka da gangan. Ku daina kallona, ku ci tuwonku."

Na fita da tsumman har gindin tsamiya na jefa wa Mati a cinya. Na ce, "Kai wane irin masaƙi ne? Zare na tsinke maka, ba za ka buɗe baki ba, sai ka ɗaura wa jariri?"

Ya juya shi ya sake juyawa. Babu dariya a fuskarsa yanzu. Ya ce, "Matar yaya, akwai zaren mata uku a ɗakina. Da na ji na jikanmu ne, naki na zaɓa. Shekara ashirin bai taɓa tsinke mini ba. Da ya fara, sai na ce hannuna ne ya tsufa, har kunya ta hana ni faɗa wa kowa."

Da ya faɗi haka tun ranar Buzun, da duk wannan bai faru ba, kuma har gobe ina jin haushinsa. Amma haushin kaina ya fi.

Matan Maska sun yi wata guda suna cin namana, na ji, na haɗiye. Washegarin suna na zazzage taskira na sake shiɓa tun daga farko. Kwana tara na yi a kan zaren majanyi ɗaya, kowane kamu sai na ja shi da ƙarfina kafin in naɗe. Mati ya saƙa sabon majanyin. Lauratu ta gama wankan jego ta ɗaure ɗanta da shi, na raka su har ƙofar gari ina kallon ƙullin a ƙirjinta.

Fatake har yau saƙar Mati suke tambaya, su ta shafa. Ni dai duk curin da zan sake sai na ja shi tukuna, don ban san ɗan wa zai riƙe ba.