Ƙoƙon Filasko

Da Laraba ta dawo Bukkuyum daga kwalejin horon malamai, ta tarar Inna Tabawa ba ta iya tashi daga tabarma. Ƙafafunta sun saki, cikinta ya kumbura, zuciyarta na tsalle tana tsayawa.

Kawu Shitu, yayan Inna, wanda suke zaune gidansa tun rasuwar Baba, shi ke jiyya. Kowace safiya yakan dafa ganyen filasko ya ba ta don wankin ciki. Ta yi ta zawo, ciki ya ƙara ɗaurewa, shi kuma ya ƙara ganye.

"Kawu, wanga abu shi ka ƙarasa ta," in ji Laraba.

"To, likita ta iso. Da shi munka wanke cikin uwarki tun ba a san da ke ba."

Laraba ta yanke shawara. Ran kasuwa ta goya Inna har tasha, mutane na kallo, ta sa ta a mota sai asibitin Gusau. Aka auna jini, likita ya ce zawon ya kwashe wani gishirin jiki mai suna fotashiyam, wanda tsoka da hanji da zuciya ke aiki da shi. In aka ci gaba da filasko, zuciyar za ta tsaya. Aka yi mata ƙarin ruwa, Laraba na kwana a ƙasa gefen gado.

Da ƙafarta Inna ta shigo gida. Kawu ya dube ta, ya gyara zama.

"Na gaya muku maganin ga sannu yake aiki."

Washegari ya miƙo ƙoƙo. Inna ta karɓa da hannu biyu.

"Inna, kin ji abin da likita ya ce."

"Na jiya, ɗiyata. Amma a gidanai nike. In ƙi hannun yayana?"

Laraba ta amshi ƙoƙon, ta tuttular a gaban takalmin Kawu. Tun ranar bai sake amsa gaisuwarta ba, bai kuma fasa dafawa ba.

An ba Laraba aikin koyarwa a Gummi. Ba ta je ba, don ta san ranar da ta juya baya Inna za ta sha. Aka ba wata gurbin. Kullum da safe tana bakin ƙofar ɗaki, ta karɓi ƙoƙo, ta zubar.

Inna ta yi ƙiba. A gari ana yaba hannun Shitu.