Ganyen Firdaoussi

Tun ranar da Firdaoussi ta ce ita ilimin tsirrai za ta karanta, ubanta Souley bai ƙara yi mata kallon mai hankali ba. Mutum ya baro Damagaram, ya sha sanyin Fordham Road yana sayar da shinkafa da manja, wai don 'yarsa ta zo New York ta karanci ciyawa! Aikin nas yake so ta yi. Da ƙyar ya ba ta shekara guda ta gwada.

Aikin ƙarshen shekarar da aka ba ta a makaranta a kan wani Bafaranshe ne da ya je Senegal fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, yana tsinkar ganye yana dannewa tsakanin takardu har su bushe. Sunan da masana suke kiran kuka da shi ma daga sunansa aka ciro. Firdaoussi ta ce yadda ya yi haka za ta yi. Ta shuka kuka da rama da yakuwa a bokitai bakin taga, ta tsinke ganyen kaf, ta jera cikin tsofaffin jaridu a ƙarƙashin katifa.

Ran nan uwarta Iyatu ta ɗaga katifa za ta yi shara. To, busasshen ganyen kuka a gidan Bahaushiya ai ba ya bukatar bayani. Ta yi hamdala, ta niƙe shi tas, ta kaɗa miya.

Sai da aka zauna cin tuwon rana Firdaoussi ta gane. Ta ruga ɗaki ta dawo da jaridu wayam.

"Mama, project ɗina ne kika dafa! Monday zan kai shi!"

Iyatu ta dafe ƙirji. Kunya ta kama ta, ga tausayi. Souley kuwa dariya ya yi har da ƙwarewa.

"Voilà, an zo wurin! Ganye ai ƙarshensa tukunya. Shi Bafaranshen naki da me ya mutu?"

"Da talauci, Baba."

"To kin gani. Gobe ki je ki yi register na nursing. Magana ta ƙare."

"Ba zan je ba," in ji Firdaoussi. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Shi teku ya ƙetara don ya ga itacenmu. Ni da aka haifa a gindinsa ce zan ji kunya? In sun kayar da ni in sake shukawa."

Souley ya miƙa hannu zai ɗibi miya yana cewa in haka ne ta nemi wani uban. Hannun bai kai ba. Iyatu, wadda ba a taɓa jin ta yi masa musu ba, ta janye kwanon zuwa gabanta.

"Malam, wanda ya raina ganye ba ya shan miyarsa."

"Iyatu, wasa kike?"

"Ni na ɓata mata aiki. Ni zan raka ta gun professeur, malamin nata, in faɗa da bakina. Yarinyar nan ganye za ta karanta."

Souley ya dubi uwa, ya dubi 'ya, bai ga wajen shiga ba. Ya ja malmalarsa, ya ci gayan tuwo yana huci.