Masu Iyo a Ɗigon Ruwa

"Sa idanunka nan, Malam. Kada ka taɓa komai," in ji likitar ɗakin gwaji.

Mutumin, wanda kafinta ne, ya sunkuya a kan madubin ganin ƙananan halittu a hankali, hannu ɗaya dafe da ƙugu, saboda ciwon bayan da ya samu tun faɗowarsa daga kan rufi. Da farko haske kawai ya gani. Ta murɗa wani ƙarfe, sai ga su: ƙananan halittu masu wutsiya kamar talibambam. 'Yan kaɗan na kutsawa gaba, sauran kuwa sai kaɗa wutsiya suke a wuri ɗaya kamar masu gyangyaɗi.

"Ikon Allah! Duk waɗannan nawa ne?"

"Naka ne, daga maniyyin da ka bayar ɗazu."

Shekarun aurensu sun miƙa ba haihuwa. An auna matarsa an ce lafiyarta lau, shi ne ya kawo kansa, ba wanda ya aiko shi.

"To me ya sa ba sa tafiya? Ko ragwancin gidanmu suka gado?"

Ta yi dariya, ta tura masa kujera. Ba ta tsaya bisa kansa ba, zama ta yi daidai shi.

"Ka taɓa buge yatsa da guduma kana tsakar aiki, ba ka ji zafin ba sai daga baya?"

"Likita, ai wannan kullum ne."

"To jiki ne ke haɗa maganin zafinsa da kansa. Akwai irinsa a ruwan da waɗannan ke iyo a ciki, kuma suna jin sa. Wani nau'in yana taimaka musu su ci gaba da iyo, wani yana rage musu gudu. Jiki ya san awonsa." Ta dube shi. "Me kake sha wa bayan nan?"

Ya zaro katin ƙwaya daga aljihu ya ajiye. Ba ta yamutse fuska ba, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta karanta sunan kawai.

"'Yar'uwar wancan maganin na jiki ce, sai dai ita ba ta san awo ba. Ba na cewa ita kaɗai ce sanadi, kuma ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba. Amma da ita za mu fara."

"Daga yau na bar ta!"

"A'a, ba a yanke ta lokaci guda, sai ta kayar da kai. Likitan ƙashi zai rage maka a hankali, ya haɗa ka da masu gashin ƙashi. Za ka sha wuya, ba zan ɓoye maka ba."

Ya roƙa ta bar shi ya sake leƙawa. Ya bi wani guda da ido, yana ratsa cincirindon masu barci har ya fice daga hasken.

A baranda matarsa na zaune, ta ƙanƙame jakarta.

"Maigida, me suka ce?"

Ya zauna kusa da ita, bayan na sukarsa.

"Suna nan da ransu, na gan su da idona. Ni ne nake sa su barci." Ya miƙa mata hannu. "Tashe ni, uwargida. Ina ne ofishin likitan ƙashi?"